Daga Mahuta zuwa Turunku: Tarihin Suturar Bazara Mai Araha

Ranar da muka shirya tashi daga Mahuta mu je Turunku mu dawo a yini guda, maganar tufafi ta fi maganar mota cin lokaci. Watan Afirilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da iska ma kamar daga bakin murhu take fitowa. Masu shadda suka ce ba za su kai shaddarsu hawan dutse ba. Matan cikinmu suka ce atamfa marar nauyi ta wadatar, in dai ta auduga ce. To, a nan gizo ke saƙar. Atamfar da aljihunmu ke iya kaiwa a yau yawanci daga Sin take zuwa, da yawanta kuma da roba a ciki. Ga kyau a ido, amma rana na ɗagawa sai ta manne a jiki kamar leda.

Abin da ya sa wannan ke mana ciwo shi ne ba mu da nisa da Kakuri, inda a da ake saƙa wa talakan Arewa abin sawarsa.

Turunkun da za mu ziyarta, wadda yau ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, tarihin baka na danganta ta da Bakwa Turunku da gidan da Sarauniya Amina ta fito, kafin mulkin Zazzau ya koma Zariya a ƙarni na 16. A wancan zamani auduga a gona take, mata su gurje ta su kaɗa zare da mazari, masaƙa su fitar da ƙyalle siriri, a haɗa ya zama fari ko saƙi ko gwado, marina su tsoma a baba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin ƙasar Hausa na kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Sai dai kada ɗokin tarihi ya ɗebe mu: abin da aka yi makonni ana kaɗi da saƙa ba ya araha. Babbar riga dukiya ce, har gadonta ake yi, talaka kuwa riga ɗaya ko biyu yake juyawa.

Yadi mai araha da yawa ya zo ne tare da kantunan Turawa da jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911. Ƙungiyar auduga ta Ingila, BCGA, ta kafa injin gurza a Zariya domin a kwashi audugarmu zuwa Lankasha, a saƙa, a dawo mana da ita akoko da alawayyo. Abin dariya, a shekarun farko masaƙan gida sun fi Turawan biyan manomi kuɗi mai kyau, har audugar ta riƙa ƙin zuwa inda aka so ta je. A hankali dai yadin kanti ya ci kasuwa.

Wannan zagaye ne gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta so ta yanke. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lankasha, tana fitar da akoko daga audugar Arewa. Nortex ta biyo baya, sai UNTL ta ɗan kasuwar Hong Kong, Cha Chi Ming, a 1964, sai Arewa Textiles da hannun Japanawa a ciki. Kudancin kogin Kaduna ya cika da ma'aikata: Bahaushe da Bajju da Atyap da Gbagyi da Tibi da Idoma, kowa da kekensa, jiniya na raba masu aikin safe da na dare. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna ta kafa hedikwata, kuma daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982. Mai ƙaramin albashi na iya sayen turmin atamfa ya kai wa tela, a ɗinka wa uwa da 'ya kayan Sallah ko na Kirsimeti, auduga zalla, mai shan gumi, mai jure wanki. A ganinmu, lokacin ne kaɗai araha da inganci suka kwana ɗaki ɗaya a garin nan.

Rushewar ba dare ɗaya ta yi ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Baƙin man da masaƙu ke hura tukwanensu da shi ya yi wuya, alhali matatar man da aka buɗe a 1980 ga ta nan maƙwabciyarmu, muna hango ta daga Mahuta. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ga kuma fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar, inda ake kwaikwayon zanen atamfar gida a ƙasar waje a sayar ƙasa da farashinta. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi ta, UNTL ta tsaya a 2007. Shekarun nan ne kuma rikicin 2000 ya raba mazauna garin, kowa ya nemi tsallaken kogin da yake jin zai kwana lafiya. Wurin da ke haɗa mutane kullum safiya ya rufe ƙofa daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Shi ya sa samarinmu suka nufi Kasuwar Barci, inda ake kwance dilar gwanjo. A can, in mutum ya iya zaɓe, zai samu rigar auduga ta gaske da kuɗi kaɗan, wadda wani ya gama sawa a Turai ko Amurka. Ba mu ga laifinsu ba. Fara ko mai hasken launi, mai faɗi, da hula da takalmin da ba ya santsi a kan dutse: abin da tafiyar ke nema ke nan. Dabarar zaɓen kuma tsohuwa ce, a murza ƙyallen a tafin hannu; auduga za ta yamutse, roba kuwa ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba.

Da asuba muka kama hanya, muka ratsa Sabon Tasha, muka bi ta Kakuri da gangan domin yara su ga dogayen katangun da ciyawa ta cinye, muka haye gada zuwa Kawo, sai hanyar Zariya. Kafin azahar muna gindin duwatsun Turunku, masu atamfar roba na ta fifita da mayafi. Wata dattijuwa a cikinmu kaɗai ce ba ta nemi inuwa ba. Zanen da ta ɗaura daga ƙasan akwati ta ciro shi, cikin kayan lefenta, launinsa ya ɗan kwanta amma ko zare ɗaya bai zare ba. Yara suka duƙa suna karanta rubutun da ke gefensa, harafi bayan harafi, suka ɗago suna tambayarta mene ne UNTL.