Doron Baga: Garin da Ya Bi Ruwa

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, na san ba ku manta da yadda ake sa mu zana taswirar Tafkin Chadi a darasin labarin ƙasa ba. Ashe tafkin da muke kwafowa daga littafi ya daɗe da barin inda muke zana shi. Tarihin Doron Baga, wani garin masunta da ke Ƙaramar Hukumar Kukawa ta Jihar Borno, shi zai nuna mana yadda abin ya faru.

A shekarar 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Buduma da Barebari su ne mutanen wurin tun asali. Da komar nailan ta shigo, su ya bunƙasa, sai Hausawa masunta da fatake suka yi ta kwarara can, waɗansu ci-rani, waɗansu kuwa zama ya kama su. Doro, wadda ke kusa da Baga, ta zama mashigar kwalekwale. Nan ake banda tarwaɗa da ƙarfasa, a loda manyan motoci zuwa Maiduguri, har Anaca da Ikko.

Amma fa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Farin 1973 ya raba tafkin biyu, na 1984 kuma ya kusa ƙarasa shi, har ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Mutanen Doro ba su naɗe hannu ba. Waɗansu suka ajiye koma suka ɗauki fartanya, suna shuka masara da wake a laimar da ruwa ya bari. Waɗansu masuntan yankin kuma suka yi ta bin ruwa har suka zauna a Darak, cikin ƙasar Kamaru. Wannan ya shiga cikin shari'ar iyaka da Kotun Duniya ta yanke a 2002, Nijeriya ta miƙa ƙauyukan a 2003.

Abin da fari bai yi ba, fitina ta yi. Ranar 3 ga Janairun 2015 'yan Boko Haram suka auka wa Baga da Doro. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna gine-gine fiye da 3,100 da aka ƙone ko aka lalata a Doro kaɗai. A 2020 Gwamnatin Borno ta soma mai da mutane Baga.

To, jama'a, mu a Likoro ba mu da tafki, amma muna da fadamun da raken Kudan da Maƙarfi ya dogara da su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wa ke lura da yadda rafukanmu ke cikewa da yashi? Ya kamata ƙungiyarmu ta zauna da dattawa, a rubuta inda ruwa yake kaiwa a da, da inda ya tsaya yanzu, tun masu sanin suna raye.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.