Kiton: Daga Alamar Ajali Zuwa Makamashin Zuciya

A 1874 likitan Jamus Adolf Kussmaul ya siffanta wani numfashi mai zurfi da masu ciwon suga ke yi dab da cikawa. Daga baya aka gano sanadinsa: kiton, sinadarin da hanta ke haɗawa daga kitse idan insulin ya ƙaranta. In ya taru da yawa, sai jini ya yi tsami, mara lafiya ya suma. Wannan sumar ba a cika farfaɗowa daga ita ba, sai a 1922 da aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar insulin a Toronto, bayan aikin Banting da Best.

A 1967 George Cahill da Oliver Owen suka nuna a Boston cewa idan mutum ya yi makonni bai ci abinci ba, fiye da rabin makamashin ƙwaƙwalwarsa daga kiton yake fitowa. Ashe abin da ake tsoro shi ne guzurin jiki a lokacin yunwa. Kan wannan turbar Richard Veech na Amurka da Kieran Clarke ta Jami'ar Oxford suka haɗa kiton na sha, da tallafin ma'aikatar tsaron Amurka. A gwajin 2016 'yan tseren keke da suka sha shi sun ƙara nisan kusan kashi 2 cikin ɗari, sai dai wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga wannan ribar ba.

Maganar zuciya ta taso ne a 2015, bayan an gwada maganin empagliflozin kan masu ciwon suga kimanin 7,000, aka ga mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini ta ragu da kashi 38 cikin ɗari. Da yake maganin kan ɗan ɗaga kiton, Ele Ferrannini na Italiya ya yi hasashen cewa gajiyayyiyar zuciya na amfana da shi. A 2019 likitocin Aarhus a Denmark suka sanya wa masu gazawar zuciya kiton ta jijiya, jinin da zuciyarsu ke bugawa ya ƙaru da kusan lita 2 a minti. Amma tun 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa magunguna irin empagliflozin na iya jawo tsamin jini.

Ma'aikaci mai ciwon suga a masaƙun Bompai, ko masana'antun roba na Sharaɗa, ko majemun Challawa a Kano, wannan tarihin nasa ne. Wanda ya tsallake allurar insulin saboda tsada ko aikin dare, kiton ɗin da zai kai shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano shi ne na zamanin Kussmaul, ba na 'yan tseren Oxford ba. Gwajin awa kaɗan irin na Aarhus bai isa hujjar sayen kwalbar kiton mai tsada ba. Kuɗin gumi ya fara tafiya wurin insulin da awon suga, a riƙe tattaki, kuma kafin a sha komai a nemi shawarar likita.