Mirriya: Tsohuwar Fadar Tsotsebaki a Ƙasar Damagaram

Mirriya tana gabas da birnin Zinder da tazarar da ba ta kai kilomita 20 ba, a bakin babbar hanyar da ta ratsa Jamhuriyar Nijar daga Yamai zuwa Gure da Difa. Yankin na Sahel ne, wato ƙasar da ke tsakanin hamada da dazuzzukan kudu, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, sauran shekara kuwa rani ne da bazara. Sai dai garin ya sha bamban da Zinder, wadda aka gina a kan duwatsu masu tauri da ba sa riƙe ruwa, domin Mirriya tana gefen ƙasar Korama, wato jerin kwaruruka da fadamu masu yashi inda ruwan ƙasa yake kusa, har mai garka kan same shi ba tare da ya yi haƙa mai zurfi ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin tarihin garin.

Kafin ɗaukakar Damagaram, Mirriya tana cikin ƙasashen Tsotsebaki, waɗanda wasu littattafai ke kira Sosebaki, tare da Wacha da Dungas. Ƙananan sarautu ne na jama'a masu magana da Hausa, waɗanda gidajen sarautarsu ke danganta asalinsu da Barno, kuma suna kai gaisuwa, wato kayan mubaya'a da ƙaramin sarki ke aika wa babba a kai a kai, zuwa fadar Mai, wato sarkin Barno, a Birnin Gazargamu. Ta haka Mirriya ta zama ɗaya daga cikin ƙofofin Barno ta yamma, inda Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafillace suke haɗuwa a kasuwa guda.

Al'amura sun sauya a farkon ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Gazargamu a 1808, ikon Barno ya koma hannun Shehu Laminu, wanda ya kafa Kukawa a 1814. A wannan zamani ne Sarkin Damagaram Sulaimanu ya mayar da fadarsa Zinder, garin da ayarin Agadas da Ghat da Tarabulus suka riƙa yada zango a cikinsa kafin su wuce Kano. Dukiyar fatauci ta ba sarakunan Zinder dawaki da bindigogi, ƙasashen Tsotsebaki kuwa suka riƙa shiga ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya, lamarin da ya ƙara tabbata a zamanin Tanimu, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa, ya yi mulki har rasuwarsa a 1884.

Matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Mirriya a watan Disamba na 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder. Ya bayyana cewa garin ya taɓa zama babba kuma cibiyar lardin Barno na yamma, amma ya soma ja da baya tun da Zinder ta tashi, har sarkinsa ya koma bin na Zinder. Duk da haka, abin da ya ja hankalinsa shi ne itatuwan tsamiya da suka ƙawata garin da kuma garake da ake ba ruwa daga maɓuɓɓugai. Wannan shaida tana nuna cewa raguwar iko ba ta taɓa tushen abincin mutane ba.

Zuwan Faransawa, waɗanda suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini a 1899, bai mayar wa Mirriya da matsayinta ba. Zinder ce ta zama babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, Mirriya kuwa ta zauna a matsayin kanto, wato ƙasar da basarake ke riƙewa yana tara haraji a madadin gwamnati. Bayan samun 'yancin kai a 1960 garin ya zama mazaunin gunduma mai faɗi, wadda aka cire Takeita da Damagaram Takaya daga cikinta a 2011.

Abubuwa uku ne suka riƙe garin a tsawon waɗannan sauye-sauye. Na farko noman garka, wanda ke ba magidanci aiki da kuɗi bayan an girbe hatsi, yana kuma ciyar da kasuwannin Zinder da kayan miya. Na biyu ginin tukwane, domin tulu da randa da kaskon Mirriya sun yi suna a faɗin ƙasar Damagaram, kuma sana'a ce da ake koyo a gida, daga zaɓen yumɓu da kwaɓa shi har zuwa gashi. Na uku itatuwa. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Mirriya da Magarya da Matamaye sun rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa aski maimakon a sare shi, har gawo da kuka suka sake cika gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki, ita kuwa kuka ganyenta abin miya ne kuma hajar kasuwa.

Saboda haka duk wanda ya auna Mirriya da ma'aunin fada kaɗai zai ɗauka tarihinta ya tsaya a ƙarni na 19, alhali kuwa manomi da maginar tukwane sun ci gaba da gina shi. Yawan jama'a na ƙaruwa, gonaki na ƙanƙancewa ta hanyar rabon gado, buƙatar ruwan Korama kuma tana hauhawa, don haka wajibi ne hukuma da sarakuna da masana su tsare fadamun nan, su kuma rubuta abin da tsofaffi da maroƙan fada suka riƙe na tarihin Tsotsebaki tun masu saninsa suna raye.