Taguwar Bamuzaine da Barorin Haɗibu: Wani Hukunci na Sayyidina Umar

  

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik, idan ya iso Kitabul Aƙdiya zai ci karo da wani gajeren labari a babin dabbobin da ke ɓarna da waɗanda ake sacewa a makiyaya. Galibi akan fassara shi a wuce, domin ana ɗaukarsa mas'ala ce ta haddin sata. Ni kuwa a ganina labarin ya fi kusa da haƙƙin wanda ke aiki a ƙarƙashin wani, da kuma wanda ake tuhuma idan wannan haƙƙi ya tozarta.

Ga yadda abin ya faru. A zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya kama daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira, wasu bayi na Haɗibu ɗan Abu Balta'a suka saci taguwar wani mutum daga ƙabilar Muzaina, suka soke ta suka ci. Aka kai ƙara gaban Umar. Laifi ya tabbata, sai ya umarci Kasiru ɗan Saltu da ya yanke hannuwansu. Kafin a zartar sai ya dakata, ya juya ga uban gidansu ya ce masa yana ganin yunwa yake barinsu da ita, ya kuma rantse sai ya ci shi tarar da za ta yi masa nauyi. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, mutumin ya ce an taya ta dirhami 400 bai sallama ba. Umar ya ce a ba shi dirhami 800. A wata ruwaya da ke wajen Muwaɗɗa, ɗan Haɗibu mai suna Abdurrahman ne aka kira aka yi wa faɗan, kuma a cikinta Umar ya fito fili ya ce suna sa yaran aiki suna kuma horar da su da yunwa, har ta kai da ɗayansu zai ci abin da Allah Ya haramta da ya halatta gare shi.

Ya kai ɗan uwa mai karatu, ka dubi nauyin wannan kuɗi. Nisabin da ake yanke hannu a kansa rubu'in dinari ne ko dirhami 3, don haka babu maganar cewa abin da aka sata bai kai ba. Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, ke nan tarar ta kai nisabi huɗu. Umar da kansa ya ƙiyasta diyyar rai, wato raƙuma 100, a kan dirhami 12,000, wanda ke nuna raƙumi guda yana kamawa 120. Ashe taguwar Bamuzaine zaɓaɓɓiya ce. Sannan lokacin da ya kafa diwani, rabon da ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5,000 ne a shekara, ka ga 800 ya kusa rabon wata biyu.

Kuma wanda aka ci tarar ba ƙaramin mutum ba ne. Haɗibu ya yi hijira, ya halarci Badar da Hudaibiyya, shi ne kuma manzon da Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya aika da wasiƙa zuwa ga Muƙauƙis mai mulkin Iskandariyya, ya dawo tare da Mariyatul Ƙibɗiyya. A shekara ta 8, gab da buɗe Makka, da ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda don tsoron abin da zai sami iyalinsa a can, Umar ne ya nemi izinin sare wuyansa, Annabi ya hana saboda darajar Badar. Akwai ma wani hadisi a Sahihu Muslim da ya fi kusa da zancenmu: wani bawan Haɗibu ya zo wa Annabi da ƙarar uban gidansa, cikin fushi har ya yanke masa hukuncin shiga wuta, Annabi ya ƙaryata shi, ya shaida cewa wanda ya halarci Badar da Hudaibiyya ba zai shige ta ba. To, wannan shaida tana nan daram, kuma ba mu kawo labarin don taɓa mutuncin sahabi ba, Allah Ya tsare mu. Abin lura shi ne Umar ya san wannan falala fiye da mu, amma bai ga ta ɗauke wa gidan Haɗibu nauyin ciyar da masu yi masa aiki ba. Masu tarihi sun ce Haɗibu fataucin abinci yake yi, kuma a cikin Muwaɗɗa ɗin akwai labarin Umar ya same shi yana sayar da zabibi a kasuwa.

Wannan hukunci bai faɗo daga sama ba. Malik ya ruwaito cewa Umar yakan fita zuwa Awali, unguwannin gonaki na gefen Madina, kowace Asabar, idan ya tarar da bawa an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa sai ya rage masa. Halifa guda, da rundunoninsa a Sham da Iraƙi, yana ware rana a mako don duba kayan da aka aza wa barori. A babin nan dai akwai huɗubar Sayyidina Usman, inda ya hana a tilasta wa yaro ƙarami nemo kuɗi, domin idan bai samu ba sata zai yi. Tunanin ɗaya ne: idan ka ga na ƙasa ya miƙa hannu, ka fara tambayar abin da na sama ya riƙe. Shi ya sa Ibnul Ƙayyim ya haɗa labarin taguwar da dakatar da haddin sata da Umar ya yi a shekarar fari da yunwa, Amur Ramada, wajen shekara ta 18.

Imamu Malik bai ɗauki hukuncin gaba ɗayansa ba. Bayan ya kawo labarin sai ya ce aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninka kuɗi ba, abin da ake biya shi ne ƙimar dabbar ranar da aka ɗauke ta. Saɓaninsa a kan ninkin ne. Wasu malaman kuwa, musamman Hambalawa, sun riƙi labarin hujja a kan halaccin tara ta dukiya.

Mai karatu zai iya cewa ai waɗannan bayi ne, mu kuwa zancen ma'aikata muke yi. Gaskiya ne, hukuncin ba ɗaya ba ne: haƙƙin bawa ci da tufa ne gwargwadon al'ada, haƙƙin ɗan ƙodago kuwa ladan da aka yi yarjejeniya a kai, wanda dole a san adadinsa tun kafin a fara aiki. Amma idan wanda shari'ar wancan zamani ta ƙidaya cikin dukiyar mutum ya sami wannan kariya, ina ga ɗa mai 'yanci da aka yi ciniki da shi? Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi da ya lissafa mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aiki cikakke ya hana shi lada. Hatta kuɗin hidima malamai ba su bar shi a duhu ba. A babin ƙiradi Malik ya ce wanda aka ba jari ya yi fatauci, idan ya yi tafiya kuma dukiyar tana da yawan da za ta ɗauka, cinsa da tufafinsa daga cikinta za su fito. Idan yana zaune a garinsu ba shi da wannan.

Saura tambaya mai wuya: shin wanda aka danne wa albashi zai iya ɗiba da hannunsa? Umar bai ce yaran sun yi daidai ba, kuma Bamuzaine, wanda bai ci ba bai sha ba, an biya shi. Amma a kan dukiyar uban gidan kansa malamai sun yi saɓani. Masu halattawa sun kafa hujja da izinin da Annabi ya ba Hindu matar Abu Sufyan na ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta. Masu hanawa sun riƙi hadisin da ya hana ha'intar wanda ya ha'ince ka. Ibnu Taimiyya ya raba: idan dalilin haƙƙin a bayyane yake, kamar ciyar da mata, ya halatta, idan kuwa ɓoyayye ne to a'a. Ni dai na fi natsuwa da a bi ta hannun alƙali ko dattawan kasuwa, domin yaron shagon da ya buɗe aljihun tebur ya biya kansa, gobe ba shi da bakin kare kansa.

Sai dai dole a sami inda za a kai kukan. A Nijeriya an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mai gadi da 'yar aiki da direban gida da yaron shago duk suna wajenta, kuma su ne suka fi kama da barorin da Umar yake bi Awali yana dubawa.

Haɗibu ya rasu a Madina a shekara ta 30, Sayyidina Usman ya yi masa salla. Wanda ya ba da labarin taguwar a isnadin Malik kuwa jikansa ne, Yahaya ɗan Abdurrahman ɗan Haɗibu, daga gare shi Urwatu ɗan Zubairu ya karɓa, ya ba ɗansa Hishamu, Hishamu ya ba Malik. Allah Ya ƙara musu yarda baki ɗaya.