Wace taransifoma za a fara cirewa? Tarihin gubar PCB daga masana'anta zuwa barikin soja

Duk mai bin titin Abuja zuwa Keffi, daga Mararaba ya ratsa Masaka ya gangara Uke, yana wuce taransifoma bila adadin, amma da wuya ya taɓa tsayawa ya leƙa gindin ko ɗaya. Ni faci ne ya tsayar da ni a Uke wata ranar. Kafin mai faci ya gama, idona ya kai kan wata da ke bisa dandamalin siminti, wayar da aka kewaye ta da ita duk ta kwanta. Simintin ya yi baƙi ƙirin, ƙasar gefensa ta jiƙe da mai kamar bakin garejin bakanike. Taku kaɗan daga nan mai awara tana suyarta, awaki biyu sun fake a inuwar tankin. A jikin tankin akwai ɗan farantin ƙarfe inda ake rubuta sunan kamfani da shekarar ƙira da irin man da ke ciki, sai dai tsatsa da fenti sun cinye rubutun.

Mafi yawan taransifoma man da aka tace daga ɗanyen mai ne a cikinsu. Amma akwai wani rukuni na tsofaffi da aka cika da sinadarin da ake kira PCB, akwai kuma waɗanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya gurɓata, kuma ido ba ya raba gurɓataccen mai da mai tsabta, sai an kai ɗakin gwaji. Shekara hamsin ke nan ƙasashe da rundunoninsu na soja suna fama da tambaya guda a kan waɗannan kaya: tunda ba za a iya kwashe su duka rana ɗaya ba, da wanne za a fara?

A Jamus aka fara haɗa sinadarin a 1881, amma sai 1929 kamfanin Swann na garin Anniston a jihar Alabama ta Amurka ya soma yin sa don sayarwa, Monsanto kuma ya saye kamfanin a 1935. Abin da ya sa aka yi rububinsa a fili yake. Aikin mai a taransifoma shi ne sanyaya wayoyin tagulla da hana wuta tsallake, man da aka saba kuwa yana kamawa da wuta idan abu ya ɓaci. PCB ba ya kamawa da sauƙi, ba ya lalacewa, zafi ba ya canza shi. Sai ya zama shi ne zaɓi a duk inda gobara za ta zama masifa: ƙarƙashin dogayen benaye, asibitoci, ramukan haƙar ma'adinai, jiragen ruwan yaƙi, tashoshin rada da rumbunan makamai. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Monsanto ya ce Aroclor, General Electric ya ce Pyranol, Westinghouse ya ce Inerteen, a Jamus Clophen, a Faransa Pyralène, a Japan Kanechlor, injiniyoyi kuma suka haɗa su duka suna cewa Askarel. Waɗannan sunaye su ake nema a kan ɗan farantin nan. Kafin Rasha ta daina yin sa a 1993, an ƙiyasta duniya ta samar da tan miliyan 1.3.

Tun a shekarun 1930 ma'aikatan da ke taɓa irin waɗannan sinadarai suka fara fitar da munanan ƙuraje, wasu hantarsu ta taɓu, har aka yi taro a kai a jami'ar Harvard a 1937. Aka ɗauke shi matsalar cikin masana'anta, aka ci gaba da ciniki. Sai a 1966 wani masanin sinadarai a Suwidin, Sören Jensen, yana neman ragowar maganin ƙwari na DDT a jikin kifi da gaggafa, ya yi ta cin karo da wani abu da bai sani ba, wanda ya tabbata PCB ne. Ashe rashin lalacewar da ake yaba masa ita ce illarsa. Ba ya narkewa a ruwa, a kitse yake maƙalewa, daga ƙaramin kifi ya hau babba, daga dabba ya hau mutum, har ya fito a nonon uwa.

Shekara biyu bayan haka, a 1968, abin ya faɗa kan mutane kai tsaye. A yammacin Japan PCB ya tsiyaya cikin man girki na dusar shinkafa a wata masana'anta, kusan mutum 14,000 suka kai ƙorafin rashin lafiya, aka haifi jarirai da fata ta yi duhu. Japan ta hana yin sa a 1972. Irin wannan ta sake faruwa a Taiwan a 1979, ta shafi kimanin mutum 2,000. Amurka ta yi dokar kula da sinadarai masu guba a 1976, Monsanto ya rufe wannan sashe a 1977. A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PCB a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Hana ƙera sabo abu ne mai sauƙi. Tsofaffin da ke aiki fa? Taransifoma takan yi shekara talatin zuwa arba'in, wata ma fiye, kuma ba wanda zai kashe wa gari wuta don ya sauya dubbai lokaci guda. Don haka Amurka ta bar masu lafiya su ci gaba da aiki, ta shiga jera su bisa haɗari, kuma kowane mataki na jerin wata masifa ce ta haife shi. A 1979 wata taransifoma ta fashe a mayankar dabbobi a Billings ta jihar Montana, man ya shiga abincin kaji, ya bazu jihohi da dama, aka hallaka kaji da ƙwai masu ɗimbin yawa. Sai aka yi doka a 1982 cewa duk wadda ke iya gurɓata abincin mutum ko na dabba a cire ta kafin Oktoban 1985. Ranar 5 ga Fabrairun 1981 kuma gobara ta tashi a ƙarƙashin wani benen gwamnati mai hawa 18 a Binghamton ta jihar New York. Man taransifomar da ke wurin bai ci da wuta kamar fetur ba, amma zafin ya mayar da shi dayoksin da danginsa, waɗanda suka fi shi muni, hayaƙin ya bi bututun iska ya shafe kowane ofis. Ginin da aka kashe dala miliyan 17 wajen gina shi ya lashe kusan miliyan 53 wajen wankewa, ba a koma cikinsa ba sai 1994. Daga nan dokar 1985 ta ce mafi haɗarin waɗanda ke ciki ko kusa da gine-ginen jama'a a fitar da su kafin Oktoban 1990, sauran kuma a sanar da 'yan kwana-kwana inda suke.

Sojoji su ne suka fi kowa shan wahalar wannan lissafi, domin kayansu sun warwatsu, kuma sirri ya rufe su. A 1994 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya fitar da rahoto cewa Ma'aikatar Tsaro ba ta da cikakken ƙidayar kayanta masu ɗauke da PCB, balle ta sa musu ido yadda ya kamata. Rundunar da ta san adadin harsasanta ba ta san adadin taransifomominta masu guba ba. Daga Alaska har ƙuryar arewacin Kanada, jerin tashoshin rada 63 da aka kammala a 1957 don hango jiragen Tarayyar Sobiyet sun bar ganguna da ƙasa mai guba a yankin farautar 'yan ƙabilar Inuit. Tsabtace 21 daga cikinsu ya kai har 2014, ya ci dalar Kanada miliyan 575. A shekarar 2000 kuwa wani jirgin ruwa ya ɗauko sharar PCB daga sansanonin Amurka da ke Japan, Kanada ta ƙi karɓa, a Seattle ma aka ƙi saukewa, ya juya Yokohama, daga bisani aka jibge kayan a tsibirin Wake da ke tsakiyar tekun Fasifik.

Nijeriya ba ta taɓa yin PCB ba, a cikin kaya ya shigo mata. Shekarun da aka fi shimfiɗa wutar lantarki a ƙasar, daga kafa hukumar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, zuwa madatsar Kainji a 1968, zuwa haihuwar NEPA a 1972, su ne daidai shekarun da kasuwar sinadarin ke ci a Turai da Amurka. Su ne kuma shekarun gina bariki. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da ɗoriya ba kafin yaƙin basasa ta fito daga yaƙin a 1970 da kusan 250,000, kowa na neman makwanci. Masu shekaru za su tuna cunkoson jiragen siminti a tashar Legas a 1975, lokacin da aka yi odar tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki da sunan Ma'aikatar Tsaro. Kowane barikin wancan zamani da taransifomarsa da injin wutarsa. Abuja ta ɗan yi sa'a, domin dokar kafa ta a 1976 ta fito, ba a tare ba sai Disambar 1991, saboda haka kayanta sun fi na Kaduna da Zariya da Jaji ƙuruciya. Sa'ar ba cikakkiya ba ce dai: idan aka yi wa sabuwar taransifoma ciko da tsohon mai, ko aka tace mata mai da injin da ya taɓa mai guba, ita ma ta shiga sahu, farantinta kuwa yana nan yana cewa lafiya lau.

Sunan PCB ya shiga kunnen 'yan Nijeriya ne ta Koko, ƙaramar tashar ruwa a tsohuwar jihar Bendel. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka sauke dubban ganguna na sharar masana'antu, kusan tan 4,000, a filin wani mutum da suke biya dala 100 a wata, cikinsu har da PCB. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare jirgin Italiya a Legas, har aka kwashe kayan. Kafin shekarar ta ƙare aka yi Doka ta 42 kan shara mai cutarwa da Doka ta 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. Yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe ta biyo baya a 1989, ta Bamako a 1991. Duka wannan a kan gubar da baƙo ya kawo ne. Wadda ke zaune kan dandamali a cikin unguwa da bariki ba ta sami irin wannan hayaniya ba.

Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ita ta mayar da jera kayan PCB bisa haɗari dokar duniya. Ta ce a fara da kayan da PCB ya haura kashi 10 cikin ɗari kuma man ya wuce lita 5, sai waɗanda suka haura kashi 500 cikin miliyan, sannan waɗanda suka haura kashi 50 cikin miliyan. Ta ce mai yoyo kada ya ci gaba da aiki, kada a bar su inda ake sarrafa abinci, a kuma tsananta kulawa kusa da makarantu da asibitoci. Wa'adin daina amfani 2025, na kawar da sharar 2028. Bankin Duniya ya tallafa wa wani shirin ƙidaya daga 2011, daga baya Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga wani da Ma'aikatar Muhalli, aka zaɓi cibiyar kimiyya ta Sheda a yankin Kwali don tarawa da sarrafa kayan.

A ganina jerin Stockholm ya fi dacewa da bariki fiye da ko'ina, domin bariki gari ne sukutum a cikin katanga: ga gidajen iyali, ga firamare, ga asibiti, ga kicin da ke ciyar da ɗaruruwa, ga kasuwar mami, ga rijiyar burtsatse da kowa ke sha. Wadda ke yoyo kusa da kicin ko rijiya ta riga wadda ke tsaye lafiya a bayan filin fareti, ko da ta biyun ta fi tsufa. Kuma soja na da abin da farar hula ba su da shi, wato umarni ɗaya ya isa a buɗe rajista, a ɗebi mai a kwalba daga kowace taransifoma, a manna mata alama.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan an cire. Tsohuwar taransifoma dukiya ce, cike take da tagulla. Idan ta fita ƙofa a gwanjo a matsayin tsohon ƙarfe, hannun 'yan gwangwan za ta faɗa, su fasa ta da guduma, su ƙona wayar don fatar ta fita, man kuma a ɗura a jarka. Masu saye suna nan: mai walda yana zuba shi a injinsa na haɗin gida don kada ya yi zafi, wani ya shafa wa katako saboda gara, kuma jami'an muhalli sun sha yin gargaɗi cewa akwai masu gauraya shi da man suya don ba ya saurin ƙonewa. A bakin titin nan na Uke, kafin mu tashi, na ga wani yaron mai walda ya buɗe murfin injinsu ya tsoma hannu har wuyan hannu yana gyara waya a cikin mai, ya fito da shi ya goge a wando, ya karɓi awarar da aka miƙo masa a takarda.