Rumfar mahauci da takardar «plan»: tarihin izinin gina wurin abinci a ƙasar Tasawa

A cikin wannan ɗan bincike muna son mu bi sawun wata ƙa'ida ta gwamnati, wato a nuna ma hukuma zanen gini kafin a kafa wurin yanka ko na sayar da abinci. Mun ɗauki misalin Hawandawaki, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Tasawa, daf da iyakar Najeriya, saboda nesa take da biranen da aka yi ma wannan ƙa'ida tun farko.

Kafin zuwan Turawa kasuwa tana da mai tsaron lafiyar nama, shi ne sarkin fawa. Idonsa yana kan dabba da kan yanka: kada a sayar da mushe, kada wuƙa ta hau dabba mai mugun ciwo. Rumfa kuwa ta kara ce da zana, iska na ɗauke ta a sake wata, saboda haka babu wanda yake tambayar yadda za a kafa ta.

Duban gini tun yana kan takarda daga Faransa ya zo. Dokar 15 ga Oktoba 1810, ta zamanin Napoleyon, ta kasa sana'o'i masu wari ko masu cutarwa kashi uku, mayanka na ciki, ta kuma hana a buɗe su sai da izini. Akan tambayi maƙwabta ko suna da ƙorafi, abin da ake kira «enquête de commodo et incommodo». Dokar 19 ga Disamba 1917 ta sabunta tsarin, a 1926 aka shimfiɗa irinsa a Afirka ta Yamma ta Faransa. Amma a ƙasashen mallaka tsabta ta fi zama hanyar raba unguwanni. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta faɗa ma Dakar a 1914, ita ta ba da hujjar kwashe baƙar fata zuwa unguwar Madina.

A ƙasar Tasawa, inda sojan Faransa suka ratsa a 1899, babu yawan Turawan da za a kare haka. A 1927 kumandan ya tashi daga Tasawa ya koma Maraɗi. Da ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin Maraɗi, aka sake shata shi bisa tudu, tituna a miƙe, filaye a yanke. A ganinmu nan ne mutanen wannan yanki suka fara ganin takarda ta riga tubali. Ƙauyuka dai abin bai kai gare su ba.

Bayan ƴancin kai Nijar ta gaji tsarin kusan yadda yake. Doka mai lamba 66-033 ta 24 ga Mayu 1966 ta riƙe kashi ukun nan. Sai 2 ga Maris 1993 aka kafa kundin dokokin tsabtar jama'a, mai lamba 93-13, wanda ya taɓo abinci da ruwa da wuraren kasuwanci, a 1999 kuma aka tsara aikin ƴan sandan tsabta. Hawandawaki ta zama ƙaramar hukuma a 2002, ta zaɓi kansilolinta na farko a 2004. Daga nan magajin gari ya shiga sahun masu cewa a gina ko kada a gina, har zuwa Afrilu 2024 da aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi.

Kada a ɗauka tambayoyin da ake yi ma mai gini na banza ne. Ina ruwan wanki zai fito? Ina jini da ƙazantar tumbi za su gangara? Taku nawa ne tsakanin salga da rijiya? Jahar Maraɗi ta sha kwalara a 2018 da 2021. Mahaucin da ya tara kuɗin siminti shekara da shekaru, gara a ce masa ya gusar da salga tun tana layi bisa takarda, da a zo a rushe masa bango.

Sai dai a nan aikinmu na masu nazarin harshe ya shigo. Kalmar «plan» ba ta da takwara guda a Hausa. «Taswira» ta ƙasa ce. «Tsari» ya yi faɗi da yawa. «Zane» ya fi kusa, amma a rubuce, tun da ba mu sa alamar karin sauti, ba a bambanta shi da zanen ɗaurawa. A ƙetaren iyaka, Hausawan Katsina da Daura sun raɗa ma ma'aikacin tsabta suna «duba-gari», sunan da ke nuna mutum mai zuwa ya leƙa tulu da kwata bayan an gama gini. Wanda zai duba abin da ba a gina ba tukuna, har yau harshe bai raɗa masa suna ba.

Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Dokokin da muka lissafa kuwa duk da Faransanci aka rubuta su. Mai tuwo ko mai kilishi na Hawandawaki da bai yi lakkol ba, in ya so ya san abin da doka ke nema gare shi kafin ya sayi buhun siminti na farko, sai ya nemi wanda zai karanta masa.