Daga Babbaƙu Zuwa Aji Ɗaya: Tarihin Karatun Farko a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Koya wa ƙananan yara baƙi da ƙirga a kudancin ƙasar Katsina ya girmi makarantar gwamnati da ɗaruruwan shekaru. Ƙanƙara ta ƙasar Pauwa, da Faskari da Sabuwa na tsohuwar ƙasar Kogo, suna kan iyakar Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, ba su kuma da nisa da 'Yandoto, garin malamai da ya yi suna kafin jihadi, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon shekarun yaƙin. Malamai da almajirai sun daɗe suna ratsa wannan yanki mai yalwar dawa da auduga, domin inda abinci yake nan tsangaya take kafuwa. Abin da suka bari a kowace unguwa shi ne makarantar allo, kuma ita ce ƙofar farko da yaro ke bi zuwa ga rubutu har yau.

Tsarin makarantar allo tsani ne mai matakai, ba a tsallake ko ɗaya. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yana fara zama a gefe ba tare da allo ba, yana bin bakin malam ko na gardi har ya riƙe Fatiha da gajerun surori. Sai an ga harshensa ya faɗa a sassaƙa masa ɗan allo, a rubuta masa da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro. Matakin farko na rubutu shi ne babbaƙu: baƙaƙe tsirara, babu wasali. Yaro yana ɗora yatsa a kan kowane baƙi yana kiran sunansa da ƙarfi, alu, ambaki, wau, zal. Hikimar malaman dauri tana cikin waɗannan sunaye. Yawancinsu bayanin siffa ne da Hausa: ha ƙarami da ha mai ruwa, shin mai ruwa, lam jaye da lam ara, nun guda, ha kuri. Baƙin da ke sauya kama a farko ko tsakiya ko ƙarshen kalma, kowace kama da sunanta. Yaron da bai san kalma ɗaya ta Larabci ba yana gane abin da idonsa ke gani, domin an kira masa shi da harshen gidansu.

Bayan babbaƙu sai farfaru, inda ake komawa kan surorin nan dai a sa musu wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Daga nan yaro ya shiga tattashiya, yana haɗa baƙi da wasali gaɓa-gaɓa har kalma ta tashi. Idan ya biya allonsa daidai a ce ya je ya wanke, a rubuta masa na gaba, daga Nasi ana hawa sama. Rubutun na Magariba ne, ƙira'ar kuma ta Warshu, shi ya sa fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Babu aji a wannan makaranta, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Yara talatin na iya zama a zaure ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya. Ana karatu da safe da yamma, da dare kuma a kewaye wutar kara. Ranar Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta.

Raunin tsarin a fili yake. Yaro yana iya karanta shafi lafiya lau ba tare da ya san ma'anarsa ba, domin fassara sai a makarantar ilimi, inda ake fara Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, kuma ba kowa ke kaiwa can ba, musamman 'yan mata da ake cirewa idan aure ya zo. Bulala ma tana da yawa. Amma wanda ya wuce farfaru ya sami abin da ba a yi niyyar ba shi kai tsaye ba: zai iya rubuta Hausa da ajami. Da shi ake aika wasiƙa, fatake su rubuta bashi, malamai su rubuta waƙoƙin wa'azi.

Lissafi kuwa ba darasin allo ba ne. Ilimin hisabi, mai ba kowane harafi adadi, yana hannun manyan malamai, kuma Katsina ta fitar da gwani a fannin, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi littafi a kan hatimai masu lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron ƙauye bai san da wannan ba. Shi a gida da gona da kasuwa ya koyi ƙirga. Da yatsu yake farawa, sannan awakin da zai kora kiwo ya dawo da su cikakku. 'Yan mata suna carabke da tsakuwa, samari suna kallon manya suna dara, gurbi talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. Da kaka ana ƙirga damman dawa a fitar da ɗaya cikin goma na zakka. A zamanin wuri ana ware kuɗi biyar-biyar a tara su ɗari-ɗari, dubu ashirin su cika keso guda. Harshen kansa yana koyar da ɗebewa tun kafin a ji sunanta, tunda sha tara ashirin ba ɗaya ce, sha takwas kuma ashirin ba biyu. Babbar makarantar lissafi dai ita ce talla. Yarinya 'yar shekara bakwai da za ta fita da ƙosai ko ƙuli-ƙuli dole ta san nawa ta ɗauka, nawa ta sayar, wa ya ci bashi, nawa za ta miƙa wa uwarta, kuma kuskuren kwabo ɗaya yana da hukunci. Lissafin ka ne, babu takarda, amma ba ya wasa.

Turawa sun karɓi Katsina a 1903. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909 da rubutun boko, daga baya kuma ƙiyasin Gwamna Lugga ya nuna makarantun allo a Arewa sun kai kimanin 25,000. A zamanin Sarki Dikko aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, sannan makarantun elementare na En'e suka riƙa bazuwa sannu a hankali zuwa garuruwan hakimai. Kudancin Katsina ya shiga hannun Turawa ta hanyar auduga kafin ta hanyar makaranta: ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari. Sikeli da rasit da takardar haraji su suka fara nuna wa manomi amfanin sanin lambobi. Duk da haka iyaye ba su yi rububin kai yara ba. Hakimi ne ke raba wa dagatai adadin yaran da za su kawo, wasu iyayen kuma su ɓoye nasu a rumbu ko su tura su gabas almajiranci. Da yake babu takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa. Wanda ya taɓo ya isa shiga.

Elementare ta wancan lokaci da Hausa take koyarwa, kuma a nan ƙarfinta yake. Ana farawa da wasula biyar, a haɗa su da baƙi, ba, be, bi, bo, bu, a rubuta a ƙasa da yatsa kafin a ba yaro allo da alli. Yaron da ya yi farfaru ba baƙo ba ne a wannan hanya, bambancin kawai rubutun ya koma daga hagu zuwa dama, kuma abin da ya karanta yana jin ma'anarsa nan take. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta daidaita rubutun, aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa. Littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suka zama matakin farko, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta zama abin da ake hanƙoron kaiwa. Lissafi ana yin sa da tsakuwa da karare, sai haddar jadawalin sau, sai lissafin kuɗi mai wuya: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, ga sisi da taro da anini. Canjin kuɗi zuwa naira a 1973 ya sauke wa 'yan firamare wannan nauyi. A shekarun 1950 kuma Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi wa jagoranci, ya kai irin wannan darasi ga iyaye da kansu.

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Obasanjo ta fara a Satumban 1976, shi ne ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba. Yara suka yi yawa fiye da malamai, aka ɗauki waɗanda aka horar cikin gaggawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare, amma littattafan Hausa ba su wadata ba, iyaye da masu duba makarantu kuma suna auna ci gaba da Turanci. Sakamakon shi ne yaro ya haddace sunayen haruffa da Turanci, ya rera su kamar waƙa, ya kai aji huɗu bai iya haɗa gaɓa biyu ba. Ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta shigo da ajin share fage, sun ƙara gine-gine da rajista, ba su taɓa wannan matsala sosai ba. A wannan tsakani makarantun Islamiyya suka yawaita, da benci da allon bango da ƙira'ar Hafsu, suka janye yara da yawa, musamman mata, daga zauren malam. Yaro guda yakan yi boko da safe, Islamiyya da la'asar, allo da dare.

Gwajin karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a Bauci da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, kuma babu dalilin zaton kudancin Katsina ya fi su. Daga nan aka sami shirye-shiryen gyara, ciki har da RANA, wanda UNICEF ta fara a Katsina da Zamfara a 2015 da tallafin Birtaniya. Shirin ya shafi aji ɗaya zuwa uku da makarantun allo da aka haɗa musu darussan boko. Hanyarsa ita ce a fara da sautin harafi, a haɗa gaɓa, a karanta gajeren labari da Hausa, a kuma saka lissafi cikin labarin kasuwa da gona. Tsohon malamin elementare da tsohon alaramma duk za su gane matakan.

Abin da ya fi tauye aikin a waɗannan ƙananan hukumomi uku shi ne rashin tsaro. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ba 'yan firamare aka ɗauka ba, amma tsoron ya sauka har aji ɗaya. Makarantun ƙauyuka da dama na bakin daji a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun rufe ko malamansu sun daina zuwa, iyalai suka yi hijira zuwa manyan garuruwa irin su Funtuwa, azuzuwan can suka cika maƙil. Makarantar allo ta fi jure ƙaura, tunda malam da allo da tawada ne kayanta duka. Batun harshe ma bai zauna ba: a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta soke wannan manufa ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko.